Shekarar da Gurguwa Ta Fashe

Na ji abin da kuke faɗa wa 'ya'yanku game da bindigar da ke rataye a ɗakina. Wai akwai laya a cikin fatar da aka naɗe ƙotarta da ita, wai shi ya sa ban taɓa kuskure harbi ba. Har an ce mini biyu daga cikinku sun fara kallon-kallo a kan wanda zai gaje ta, ni kuwa ga ni da raina ina tashi da malmalar tuwo biyu. To ku buɗe kunne. Babu laya, kuma na kuskure harbi, na yi ta kuskurewa rabin damina har na yanke ƙauna da idanuna. Labarin wannan daminar nake son in bar muku, don ban taɓa jin tsoro irin nata ba, ban kuma taɓa jin sanyin zuciya irin wanda na fito da shi daga cikinta ba.

Gidanmu a Karofi gidan noma ne, gyaɗa da wake da gero, amma tun kakanni mu ake kira idan ɓarna ta yi yawa a gona. Ba farautar manyan namun daji nake nufi ba, waɗannan sun ƙare tun ina yaro. Namu aikin kurege ne mai tone iri, da gafiya mai kwashe gyaɗa ta kai rami, da dila mai ɗauke 'yan awaki. Ƙananan abubuwa ne masu wayo, ba sa tsayawa ka gyara zama. Ko ka samu a harbin farko, ko ka koma gida da kunya. Shi ya sa a wurinmu ba a tambayar ƙarar bindiga, saitinta ake tambaya.

Ina saurayi Baba ya kai ni Makera wurin tsohon maƙerin da ke yi wa gidanmu aiki, mahaifin abokina Rabe. Ya sa na ɗaga sanda kamar bindiga, ya tsaya gabana yana kallona, ya sallame mu. Abin da ya ƙera mini irin ta ɗuri ce, wadda ake zuba wa albarushi ta baki, an yi hancinta da bututun sitiyarin tsohuwar mota. Sai dai ƙotar, wato icen da ake jinginawa a kafaɗa, ta fito a lanƙwashe kamar wadda aka zauna a kai. Samari suka yi ta dariya, suka raɗa mata suna Gurguwa. Ni kaina na ɗauka ɗanyen ice tsohon ya sassaƙa, ya bushe ya karkace. Na ji haushi sati guda, daga nan na daina, domin Gurguwa ba ta san kuskure ba. Da ita na yi aure, da ita na yi furfura.

Akwai abu guda da ya kamata ku sani game da kakanku, wanda ƙanananku ba su riske shi ba. Baba maharbi ne da ake kwatance da shi, amma ya mutu makaho. Yana kusa da shekarun da nake da su a wannan daminar abin ya soma masa, kuma da kuskuren harbi ya soma. Ya riƙa dawowa yana zagin albarushi, yana zagin iska. Daga baya ya rataye bindigarsa da hannunsa, ya zauna a zaure, mutumin da ke hango zomo a cikin kunyar gona ya koma sai an ce masa ga ƙwaryar fura a damarka. Na ga wannan da idona, kuma ban taɓa ajiye shi ba.

Da kaka Gurguwa ta fashe. Na harbi gafiya a gefen gonar wake, sai na ji kamar an mare ni da garwashi. Ƙarfen ya tsage daga gindi, ya ƙona mini babban yatsa, ya babbake mini gira ɗaya. Uwarku Indo da ta gan ni ba ta yi kuka ba, ta dai zauna a kan turmi. Sai ta ce:

“Malam, in dai wata bindigar za ta shigo gidan nan, to ba ta bututun mota ba. Yau gira ce, gobe mi za ta ɗauka?”

Rabe ya zo dubiya daga Makera, ya juya gawar Gurguwa a hannunsa, ya ce ƙarfe ma yana tsufa kamar mutum. Shi ya gaji maƙerar tsohonsa, kuma tsakanina da shi babu kara.

“Ka ba ni wata ɗaya in yi maka sabuwa,” in ji shi. “Wannan karon kau zan miƙe maka ƙota sambal, in wanke sunan gidanmu. Shekara da shekaru ana yi mana dariya da wannan gurguwar.”

Kai Lawal, lokacin ka fara aiki a Katsina, ka zo da taka maganar, kuma ba zan rage maka ita ba don gaskiya ka faɗa. Ka ce ta kamfani inji ne ya huda hancinta, babu tudu babu kwari a ciki. Ka ce harsashinta a ƙunshe yake, na yau daidai da na gobe, ba kamar ɗuri ba da hannu kan zarce ko ya gaza, ruwan sama kuma ya jiƙa maka albarushi. Ka kuma tuna mini yadda daji ya lalace, mutum da bindigar da ba ta da takarda yana iya shiga abin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni kuma zuciyata tana wurin Rabe. Bindigar maƙeri ta san mai ita, in ta yi ciwo ka san ƙofar da za ka buga, kuma gidanmu bai taɓa rataya wata iri ba. Na yi ta juya abin har gyaɗa ta shiga buhu. A ƙarshe saiti ne ya yanke mini hukunci. Na ce in gurguwar ƙota da bututun mota sun ba ni abin da suka ba ni, ina ga miƙaƙƙiya ta kamfani? Na aika wa Rabe da haƙuri, ya aiko mini da cewa Allah ya sa ta fi kurege wayo.

Rani duka ya tafi a neman izini, sai da ruwan farko ya sauka ta iso. Mai baki ɗaya ce, baƙa wul, ƙotarta tana sheƙi, miƙaƙƙiya kamar alƙalami. Maƙwabta suka cika zaure ana shafa ta. Ina gama shukar gyaɗa na fita da ita da safe, don na san kurege ba ya jiran gayyata. Ga shi kuwa a kan suri, ya miƙe a ƙafa biyu yana cin irina a gabana. Na ɗaga na harba kamar yadda na saba, ido biyu a buɗe, yadda Baba ya koya mana. Ƙura ta tashi a hagunsa. Ya kalle ni, ya kaɗa wutsiya, ya shige rami ba tare da gaggawa ba.

Na ce baƙunta ce. Washegari ma haka, jibi ma haka, kullum ƙura a hagu. Na gwada aunawa dama da abin don in rama, sai in samu kututture ko dutse da ba sa motsi, amma da zarar abu mai rai ya zabura, jiki ya koma ga sabonsa, in sake harbin ƙasa. Kuregu suka tone mini gona har na yi shuka ta biyu. Masu zuwa kirana suka fara cewa, a'a Malam Sada, ba sauri, in ka samu sarari. Na san irin wannan ladabin, shi aka yi wa Baba.

Duk da haka ina da sauran mafaka, ina cewa bindigar ce. Har na fara tsara maganar da zan gasa maka, Lawal. Wata safiya maƙwabcin gonata Malam Buba, Bafulatanin da ya daɗe da zama a gefenmu, ya zo wucewa da shanunsa, na tsayar da shi. Na ɗora gwangwanin tumatir a kan suri, na miƙa masa bindigar. Ya ce shi rabonsa da harbi tun yana saurayi. Ya ɗaga, ya harba, gwangwani ya yi sama.

“Kai, wannan ai ko mace ta riƙa sai ta samu,” in ji shi yana murna. “Ka yi dace, Malam Sada.”

Na yi masa godiya. Da ya wuce na zauna a gindin suri. In bindiga lafiya take, saura wa? Na tuna Baba yana zagin iska. Tun daga ranar komai na kalla sai in ga kamar da hazo a kansa. In hango kuka in ce da ina ganin 'ya'yanta fiye da haka. In ga mutum daga nesa in yi ta fargabar kada in kasa gane shi. Ban gaya wa kowa ba. Asibitin ido kuwa ko hanyarsa ban so a ambata, don gani nake muddin ba a faɗa mini ba, abin bai tabbata ba.

Akwai wata 'yar al'ada tsakanina da uwarku. Tun da idonta ya fara gajiya da kusa, in za ta yi ɗinki ni take miƙo wa allura in zura mata zare, ina yi ina yi mata gorin tsufa. A cikin kwanakin nan ta miƙo mini, fargaba ta rufe ni, na yi ta dungurar ƙarfe zare yana lanƙwashewa. Na ce mata zaren ne ba shi da kyau. Ta karɓa ta mayar cikin gwangwaninta. Daga ranar ba ta sake miƙo mini allura ba, sai ta aika maƙwabta a zura mata. Wannan shirun nata ya fi harbin Malam Buba yi mini ciwo.

Ita ce kuma ta gaji da ganina ina ramewa. Ranar kasuwar Kurfi ta ɗauro ƙullin daddawa ta ajiye a gabana.

“Ka kai ma Yaya Kulu. Ka daɗe ba ka gaishe ta ba. Abin da ba ka iya gaya mani, halan ita ka gaya mata.”

Yaya Kulu ita ce babbarmu, ita ta goye ni, kuma ita ta yi jinyar Baba har ya cika. Na hau babur zuwa Dutsin-Ma, na shiga mota zuwa Kurfi, duk hanya ina kallon gonaki kamar mai bankwana da su. Na same ta a tsakar gida tana matsar man gyaɗa, sana'arta ke nan har tsufa. Bayan gaisuwa na yi ta kewaye-kewaye, sannan na tambaye ta yadda ciwon Baba ya soma. Ta ɗago ta dube ni da kyau.

“Sada, mi ya same ka?”

A nan na fashe. Na gaya mata komai, har da allura. Ban ji kunyar hawaye a gabanta ba, ta ga abin da ya fi su. Ta ce Baba idonsa ruwa ya riƙa yi, ya riƙa cewa fitila tana da rawani, harbinsa kuma ko'ina yake tafiya, sama da ƙasa. Ta tambaye ni nawa ina yake tafiya. Na ce hagu. Ta ce kullum? Na ce kullum, kamar an ja shi da igiya. Sai na ga gefen bakinta yana motsi. Ta ɗauko wata tsohuwar gora mai ƙaramin baki ta miƙo mini.

“Leƙa mani nan, ka ga ko da sauran mai.”

Na ji haushi, ina zancen makanta tana zancen mai. Na dai karɓa na kai ido na leƙa. Na ce babu komai sai ƙasan gora.

“Tsaya hakanan, kada ka sauke. Da wane ido kake leƙawa?”

Gorar tana manne da idona na hagu. Yaya Kulu ta saki dariya har tana riƙe ciki, ni kuwa ina tsaye da gora a fuska kamar sakarai.

“Aradu Sada ka tsufa ba ka san kanka ba. Kai fa bahago aka haife ka. Da hagu ka fara kai hannu akushi, Kaka ta ce ba a gidanta ba. Ta ɗinka 'yar jaka ta ɗaure maka hannun a ciki, ni ke kwance maka in za ka yi barci. Tana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Hannu kau ya tanƙwaru. Ido fa, wa ya ɗaure shi?”

Sannan ta ba ni labarin da ban taɓa ji ba. Ranar da aka kawo Gurguwa, Baba ya fusata ya mayar da ita Makera, ya ce ba za a ba ɗansa karkatacciyar bindiga ba. Ya dawo da ita a kafaɗa yana faɗa wa Inna abin da tsohon maƙerin ya ce, Yaya Kulu tana gefe tana tankaɗe. Ta riƙe maganar kamar jiya aka yi ta:

“Ya ce, yaron nan hannun dama na aro gare shi, idon hagu na gado. Shina ɗora bindiga a kafaɗar dama, ido kau na hagu ke ja mashi gora. In na miƙe mashi ƙota, hagun abu zai riƙa harbi har ya mutu. Na lanƙwasa ta ne don hancin ya zo ƙarƙashin idon da ke aiki.”

Baba ya hana a gaya mini. A lokacinsu gori ne a ce wa mutum bahago, bai so in shiga cikin maharba da wannan sunan. Suka rufe maganar, suka mutu da ita, saura Yaya Kulu da ba wanda ya taɓa tambaya.

Ban san yadda zan kwatanta muku abin da na ji ba. Kamar mutum ya ɗauko buhun gero daga gona, ya manta yana ɗauke da shi, sai wani ya sauke masa. Na zauna a tabarma na dubi tsakar gidan, ina ganin komai, har tururuwar da ke jan ɓarɓashin ƙuli a bakin murhu. Hazon nan da ya bi ni makonni babu shi. Na ci tuwon Yaya Kulu na nemi ƙari, tana yi mini tsiya wai makaho ya ga miya.

Tun kafin in isa gida na gama shirin zuwa Makera. Washegari na ɗauki ta kamfani da gawar Gurguwa na kai wa Rabe, na zayyana masa. Ya riƙe baki.

“Tsoho bai taɓa gaya mani ba. Ni da na ɗauka hannunshi ne ya goce. Ka ga da ka ba ni aikin nan, da na miƙe maka ƙota, da yanzu ni kake zagi.”

Muka yi dariya har almajiransa na maƙera suka daina bugu suna kallonmu. Wato duk gardamar da muka kwashe kaka muna yi, ta kamfani ko ta maƙeri, kowacce na zaɓa rami ɗaya zan faɗa. Rabe ya cire ƙotar kamfani ya ajiye, ya samo busasshen ice mai tauri, ya sa ta Gurguwa a gabansa yana sassaƙa yana gwadawa, bai taɓa ƙarfen ba ko da zarto. Ya sa na riƙa ɗagawa yana tsaye a gabana yana duban idona, kamar yadda tsohonsa ya yi. Inda kuncina ke kwanciya ya naɗe da fata don kada icen ya goge ni. Wannan ita ce layar taku, fatar akuya ce.

Da na karɓo ta ban bi ta gida ba, gona na wuce. Gyaɗa ta fara rufe kunya. Na zauna a inda na zauna ranar Malam Buba, ban daɗe ba kurege ya fito, ko na ranar farko ne ko ɗan'uwansa, ya zabura zai tsallaka zuwa suri. Ban yi tunani ba, jiki ne ya ɗaga. Wannan karon ƙura ba ta tashi ita kaɗai ba. Na yi hamdala a fili ni kaɗai a gona, na daɗe ina maimaitawa. Gaskiyarka ce kuma Lawal, hancin kamfani ya fi na Gurguwa kaiwa nesa, kuma ruwan sama bai taɓa hana ni harbi ba tun daga nan. Bayan kaka ka ja ni asibitin ido a Katsina, na tafi da ƙafata ba gardama, suka duba suka ce sai dai tabarau na karatu. Saboda haka masu kallon-kallo su huta. Wannan bindigar ba za ta yi wa kowannenku aiki ba sai wanda ke leƙa gora da idon hagu, sauran kuwa dama da abu za su yi ta harbi.

A ranar da na dawo daga gona da kuregen nan, na jefa shi a tsakar gida. Uwarku tana zaune a inuwar ɗaki da rigata a cinya. Ta dubi kuregen, ta dube ni, ta sunkuyar da kai, na ga tana goge ido da gefen zane. Can ta laluba cikin gwangwaninta, ta miƙo mini allura da zare. Na karɓa, na ɗaga su sama, zare ya shige a karon farko.

“Yaya Kulu ta ce wai ni bahago ne,” na ce mata. “Wai da idon hagu nake gani.”

“Yo ni ina ruwana da bindiga, ban san shi ne ciwon ba,” in ji ta tana karɓar allurar. “Amma tun ranar farko, ba ka taɓa zura mani zare ba sai ka rufe na dama. Da ka buɗe baki ka tambaye ni, Malam, da ba ka kai har Kurfi ba.”